Ranar da Na Yi Shiƙa da Iskar Hadari

Ku matso nan, ɗiyana, ku kife wayoyin nan a cinya tukuna. Jiya da marece na ji ɗayarku tana cewa shiƙa ba sana'a ba ce, wai ɗaga ƙwarya ne kawai a zuba hatsi, iska ta ƙarasa aikin. Ban tanka ba, don bakina da goro. Yau na ce a kawo takarda, ina faɗa ana rubutawa, tun da ni ban taɓa zama a bencin lakkwal ba, makarantar boko nake nufi. Sunana Habsu. Na fi shekara arba'in ina shiƙa a bayan kasuwar Katako, a nan Yamai, kuma abin da zan gaya muku da hannuna na yi shi, da idona na gan shi.

Aikin farko da na tsaya a kansa buhun dawa ne na wata mai tuwon sayarwa. Ina sabuwar zuwa daga ƙauye, maigidana yana ɗinki a wata rumfa, muna zaune a unguwar Talaje. Aka kai ni wurin Inna Gambi, Bazabarma ƴar Gudel ta bakin gulbi, ita ce babbar masu shiƙa a filin. Doguwar mace ce, ba ta da yawan magana, Hausarta a karye amma tana kaiwa inda aka aike ta. Na ce mata ai na iya, tun ina yarinya nake yi a masussukar garinmu. Ta dube ni sama da ƙasa.

"A garinku fili ne, iska na zuwa da hanyarta," in ji ta. "Nan birni ne. Bango na karya ta, kwano na dafa ta. Nuna mini daga inda take zuwa yanzu."

Na nuna yamma. Ta ɗibi ƙaiƙayi da yatsu uku ta sake, sai ya dawo ya cika mini ido. Matan wurin suka yi ta dariya, wata ta ce a ba baƙuwa kujera ta zauna ta huta da gwaninta. Kwana uku ban taɓa ƙwarya ba. Aikina shi ne in tsaya a tsakiyar fili, in saki ƙaiƙayi, in faɗi inda iska take da irin ƙarfinta, Inna Gambi ta ce i ko ta ce a'a.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowane da halinsa. Ƙwarya biyu, babba ta tara, madaidaiciya ta zubawa, wadda aka goge bakinta da dutse har ya yi santsi. Kwanon roba ba ya yi, hatsi tsalle yake a cikinsa ya fice. Sai faifan bakace, da rariya ta fitar da rairayi, da tabarmin kaba, da tsintsiya mai laushi, da basilla ta ɗinke buhu. Ba a ba iska gaba, ba a ba ta baya, kafaɗa ake ba ta. Wake mai nauyi ne, daga saman kai ake sako shi, da iska mai ƙarfi. Hatsi, wato gero, daga kafaɗa. Riɗi kuwa daga ƙugu, wani lokaci daga gwiwa, don in kika ɗaga shi sama sai ki iske rabinsa a rumfar maƙwabci. In hannu ya yi daidai, tsibi uku za ki gani a ƙasa. Mai kyau yana faɗuwa a gindin ƙafarki, ƙaiƙayi ya yi nisa, a tsakaninsu kuma akwai ƙwayar da ƙwaro ya cinye cikinta ya bar kwasfa. A wannan tsibi na tsakiya ake gane mai shiƙa. Wata sai ta share shi ta mayar cikin mai kyau don buhu ya cika ido. Inna Gambi in ta kama ki kin yi haka, ba ta zagi, ƙwaryarki take ɗauka ta kife.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Mai fura ba ta yafe tsakuwa ko ɗaya, don haƙorin mai saye ɗaya in ya karye layi duka ya ji. Ƴan kasuwa su buhu ya tsaya da kyau suke so. Masu kiwon kaji suna zagayowa da marece don tsibin tsakiya. Akwai kuma Mushe Yohanna, haka muke kiran malamin lakkwal, Kirista ne daga wajen Maradi, yana koyarwa a wata lakkwal a unguwarmu. Duk wata sai ya kawo masarar gidansa a bayan keke, ya zauna yana tsokanarmu har a gama.

Wata rana ya kawo masara, iska ta ɗauke, muka zauna muna fifita da faifai. Ya ce, "Hajiyar iska, yau ina baiwar taki ta tafi?"

Na ce, "Mai ita ya kira ta, Mushe."

"Gaskiya ne. Amma yana da hanyar da yake kiranta. Kina so ki gani?"

Ya karɓo bido, ƴar jarkar roba mai marfi, wurin mai shayi, ya zuba ruwan zafi a ciki, ya girgiza, ya zubar, ya murɗe marfin tam. Ya ajiye a inuwa ya kwara masa ruwan randa. Muna kallo, ba wanda ya taɓa shi, bidon nan ya fara ƙara yana lotsewa, har cikinsa ya haɗe kamar na yunwatacce. Wata a cikinmu ta yi a'uziyya ta ja baya.

"Wa ya matse shi?" in ji Mushe. "Iskar waje. Iska tana da nauyi, Habsu. Tana danne ni, tana danne ki, mun saba ne ba mu ji. Ta cikin bidon ta ji zafi ta buɗe, wata ta fice. Da wadda ta rage ta huce, sai ta kasa tare ta waje."

Na ce, "Ashe ƙahon wanzami ke nan. Ya zuƙe ta ciki, ta waje ta manna shi a baya."

Ya tafa hannu ya ce da ni ce a ajinsa da ya huta. Daga nan ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Ya ce in rana ta gasa ƙasa, iskar da ke kanta sai ta yi sauƙi ta tashi sama kamar hayaƙin murhu. Inda ta bari nauyi ya ragu, sai mai nauyi ta wani wuri ta gangaro ta cike, kamar yadda ruwa ke bin gangare. Wannan gangarowar ita ce iskar da muke shiƙa da ita. A ƙarshen bazara kuma iskar da ke zuwa ta wajen gulbi da laima take tafe. In ta hau sama can inda ake sanyi, laimar sai ta koma ɗigo, kamar gumin da ke taruwa a ƙarƙashin marfin tukunya. Girgije ya yi ta hawa kan girgije har ya fi ƙarfin abin da ke riƙe da shi. In ruwan ya sako, tare yake jawo iskar sama mai sanyi, ta bugi ƙasa ta bazu, kamar an kwara bokiti a daɓe. Ita ke riga ruwan isowa. Kuma a ƙasarmu, in ji shi, manyan hadura daga gabas suke tasowa su yi yamma.

Na ce, "Mushe, ka makara. Da shekara goma baya ka kawo bidon nan."

Inna Gambi ta san wannan duka, amma ita ba ta bayani, doka take kafawa. Dokarta ita ce, daga zafi ya nuna har ruwa ya zauna, buhu ɗaya ake kwancewa. A gama shi, a ɗinke, a jingine a rumfa, sannan a kwance wani. Ni a lokacin na ɗauka nawar tsufa ce. Ku yanzu waya na gaya muku yau za a yi ruwa a Yamai, kuna ganin kun tsira. Wayar ba ta san buhu nawa kika kwance ba, ba ta san hannu nawa gare ki na tarawa ba. Shi ya sa in na ga yarinya ta baje kayan mutane tana latsa waya, ba na iya zama.

To, ga shekarar da nake so ku ji. Daminar da ta gabace ta ta ɗauke tun hatsi bai yi ido ba. Mutanen ƙauyuka suka ci abin da ke rumbu, suka share ƙasan rumbu, daga ƙarshe suka ci iri. Da zafi ya kai ƙarshe, ana ta duban sama, sai ga wani dattijo a filinmu da sassafe, an biyo shi da buhu shida a kurar jaki. Baba Nomau sunansa, sarkin noman wani ƙauye arewa da Dogon Dutsi. Ƴan garinsu da ke nan Yamai, teloli da direbobi, su suka yi ta bincike har suka samo wa garin iri a ɗakin ajiyar wani ɗan kasuwa. Irin hatsinsu ne na gado, mai gajeren kai, mai saurin nuna, wanda ya san rairayinsu. Hatsin da ya cika kasuwa a lokacin daga kudu aka kawo shi, doguwar damina yake so, in an shuka shi a can kara kawai zai yi. Buhu shida aka samu, babu na bakwai. Kuma sun daɗe a ajiye, ƙwaro ya shiga, ga rairayi.

Ya kwance bakin ɗaya ya ɗebo a tafin hannu ya nuna mini. "Ɗiyata, wannan ba na ci ba ne. In mutum ya jefa ƙwaya a rami, rabi babu kome a cikinsu, ramin ya tashi banza, kuma ba mu da wanda za mu sake shukawa. Ki fitar mana da mai rai. Kamiyo, motar kayan da za ta kai mu gida, zai tashi bayan la'asar. Ruwan farko in ya sauka ba iri a gari, shekara ta wuce mu."

Inna Gambi ba ta nan ranar. An yi rasuwa a danginsu a Gudel, ta ce sai bayan azahar za ta leƙo. Ni ce babba a filin, shekarata bakwai a hannunta, tare da ni akwai Fati, abokiyar aikina, da wasu mata biyu. Na ce wa Baba Nomau ya kwantar da hankalinsa, kafin azahar mun gama.

Iska ta ƙi zuwa. Da safe a irin wannan lokaci takan taso ta wajen gulbi, mai ɗan laima, mu yi aikinmu da ita har rana ta take. Ranar ko ganye bai motsa ba. Na saki ƙaiƙayi ya faɗo a kan yatsun ƙafata. Gumi ya zubo ya ƙi bushewa. Hayaƙin mai ƙosai ya miƙe sama sak kamar an ɗaure shi da igiya. Sama ta yi fari fat, ba ka iya duban ta. Tururuwa na ta fitowa daga gindin bango da ƙwansu a baki, na gan su, na tsallake su. Baba Nomau ya je tasha ya dawo, ya sake zuwa ya dawo.

"Har yanzu, ɗiyata?"

"Har yanzu, Baba."

"Direban ya ce ba zai kwana ba."

Da hantsi ya wuce sai na yi lissafina. Na ce in muka zauna jiran iska da buhuna a ɗinke, ko ta zo ba za mu gama ba. Gara mu kwance duka, mu tankaɗe rairayin da rariya tun yanzu, mu baje a tabarmi, in ta zo sai zubawa kawai. Fati ta tsaya da basilla a hannu.

"Yaya Habsu, Inna fa?"

Na ce, "Inna na Gudel. Mota kuwa ba ta jiran Gudel."

Muka kwance shida duka. Tabarmi suka ƙare, muka aro babbar shimfiɗar roba wurin masu siminti muka baje sauran a kai. Filin nan ya cika da irin gari guda, a buɗe, a ƙarƙashin sama.

An yi azahar, an idar. Ina durƙushe ina tsince tsakuwa sai na ji wani sanyi ya shafi idon sawuna. Na ɗaga kai, gefen zanen Fati na kaɗawa. Ta rangaɗa guɗa. Baba Nomau ya ɗaga hannu ya ce alhamdu lillahi. Iskar ta gabas ta fito, ta tsakanin rumfunan masu katako, waɗanda suka jibge itace har ya fi rufin ɗaki tsawo, suka tare mana rabin sama. Na san ba ta nan take zuwa ba a wannan lokaci. Na san sanyi da tsakar rana a watan zafi ba banza ba. Amma mai shiƙar da ta yini tun asuba tana roƙon iska, in iska ta zo ba ta tambayarta daga ina. Mai wanki da ya ji wannan sanyin da ya kwashe shanyarsa. Mai kilishi da ya ruga. Mu kuwa murna muka yi, muka juya kafaɗa, muka ɗaga ƙwarya.

Ban taɓa samun iska mai daɗin aiki irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Ba ta yankewa, ba ta juyawa. Mai rai na faɗuwa a ƙafa, kwasfa na rabuwa da kanta. Muka gama buhu ɗaya, Baba Nomau ya ɗinke da hannunsa. Muka gama na biyu. Ana cikin na uku sai na ga mai kyau ya fara faɗuwa taki ɗaya gaba da inda ya kamata. Na sauke ƙwarya daga kafaɗa zuwa ƙirji. Ya ƙara gaba, na sauke zuwa ƙugu. Har gwiwa na kai, ina zuba hatsi kamar riɗi, ina ce wa mata ku yi sauri, ku yi sauri, kada ta ɗauke.

Sai na ji an kira sunana da muryar da ban taɓa jin Inna Gambi ta yi ba. Ta diro daga taksi ta bar ƙofa a buɗe, mayafinta a hannu. A Gudel bakin gulbi fili ne, ta ga abin da mu ba mu gani ba.

"Habsu! Wa ya ce ki kwance? Fita ki ɗaga kanki!"

Na ruga ƙarshen rumfuna na duba gabas. Daga ƙasa ja, daga sama baƙi, ya tsaya kamar bango daga wannan gefe zuwa wancan, yana tafiya.

"Ku tara!" in ji Inna. "Kada ku zaɓa! Da ƙaiƙayi, da kome, ku tara!"

Mu shida ne har da Baba Nomau. Muna ɗiba da ƙwarya, da faifai, da zane. Buhu in babu kome a cikinsa ba ya tsayuwa a iska, sai mutum ɗaya ya riƙe baki, wato hannu biyu sun fita daga ɗiba. Mun cika ɗaya ke nan sai uwar iskar ta iso. Kwano ya ɓalle daga wata rumfa ya wuce ta kanmu yana juyi, masu katako na ihu a kwanta, a kwanta. Shimfiɗar robar nan ta cika da iska ta tashi tsaye, ta juye abin da ke kanta a hanyar ruwa. Na ga Baba Nomau ya baza babbar rigarsa ya kwanta rub da ciki a kan tabarma ɗaya. Inna ta kwanta a kan wata, ta jawo ni na kwanta a ta kusa. Sannan ruwa ya sauko, irin wanda ba ya farawa da yayyafi.

Da ya tsagaita muka ja abin da ya rage zuwa rumfar wani mai katako. Buhu biyu ɗinkakku, busassu. Ɗaya mun tara da ƙaiƙayinsa, shi ma ruwa bai kai cikinsa ba. Na buhu biyu ya jiƙe sharkaf. Na buhu ɗaya kuwa ruwa ya tafi da shi, muna ganin ƙwayoyin suna bin lambatu. Baba Nomau, rigarsa na ɗiga, ya ɗebi jiƙaƙƙen ya sa ƙwaya ɗaya a haƙori.

"Ya sha," in ji shi. "Jibi zai tsiro. In ya tsiro a buhu ya mutu."

Ba rana ta shanya, sama a rufe. Aka aiko daga tasha cewa kamiyo ba zai tashi ba sai da safe, hanya ta cika da ruwa. Inna Gambi tana matse bakin zanenta, ta tambaye shi ta ina garinsu yake. Ya nuna gabas.

"To wannan hadarin ta kanku ya biyo kafin ya zo mana," in ji ta. "Tun ina yarinya a bakin gulbi nake kallonsu. Daga can suke zuwa, su ƙetare ruwa su wuce. In ya zuba muku kamar yadda ya zuba mana, ƙasarku a jiƙe take yanzu. Irin da ya sha ruwa ba ya lalacewa in ya shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa da wuri. Shi zai riga busasshen fitowa ma."

"In kuma a rabin hanya ya haɗu fa? In bai bi ta kanmu ba?"

"To ka rasa buhu uku maimakon ɗaya. Abin da na sani na gaya maka, Nomau. Wanda ban sani ba ba zan ƙara maka ba."

Lokacin ba waya a aljihun kowa. Baba Nomau ya tafi tasha yana tambayar direbobin da suka shigo daga gabas. Wanda ya taso daga Doso ya ce an yi ruwa sosai. Daga gaba da Doso ba motar da ta iso. Inna ta ce kada a ɗinke jiƙaƙƙen, a baje shi siriri a cikin motar, kuma sai an sami mai juya shi da hannu duk tsawon hanya, don in ya kwanta wuri ɗaya zai yi zafi ya ruɓe. Baba Nomau ya ce wa zai yi wannan. Inna ba ta dube ni ba.

"Wadda ta kwance ita za ta juya."

Bayan sallar asuba muka tashi. An ba mu gaban bodin, muka shimfiɗa buhunan banza muka baje irin, ni a durƙushe a tsakiya, fasinja a takure a baya suna gunaguni. Ina tura hannu har ƙasa, in kwaso na ƙasa in mayar sama, daga wannan kusurwa zuwa waccan, in na kai ƙarshe in sake farawa. Inda na ji ɗumi nan nake fara buɗewa. Har Doso ruwa kwance a gefen hanya, Baba Nomau na tsaye riƙe da ƙarfe yana kallo. Da muka wuce Doso da ɗan nisa sai ƙasa ta bushe. Awaki na tafiya ƙura na tashi a ƙafarsu. Ya zauna ya juya wa hanya baya. Wata mata ta ce masa, "Baba, ko ruwa za ka sha?" Ya girgiza kai. A lokacin irin ya fara wani tsami-tsami kamar ƙullu, kuma da na ɗaga tafina na ga wasu ƙwayoyi sun fasa, da ɗan farin baki a jikinsu. Na rufe hannuna ban nuna masa ba.

Kusa da Dogon Dutsi muka sake ganin kududdufai. Muka sauka daga kwalta muka yi arewa, rana ta karkata. Nan kuwa rairayi ne, shi kuma rairayi ba ya nuna abin da ya sha, samansa fari ne ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Da gonakin garinsu suka fara, Baba Nomau ya bubbuga rufin mota, direba ya tsaya. Ya sauka, ya shiga gona, ya naɗe hannun riga ya durƙusa. Manoma haka suke gwadawa. In laima ta ƙare a yatsu ba a shuka, rana ɗaya za ta shanye ta. In ta wuce wuyan hannu, a fito da sungumi. Duk wanda ke motar ya miƙe yana leƙe. Ya tona, fari. Ya ƙara tonawa, ƙasa ta fara duhu. Hannunsa ya shige har ya kusa gwiwar hannu. Ya ciro ƙasar ya dunƙule, ya buɗe tafinsa, ta tsaya ba ta warwatse ba.

"Direba," in ji shi, "danna hon ɗin nan, kada ka ɗaga hannu sai cikin gari."

A dandalin garin aka sauke. Jiƙaƙƙen aka fara rabawa, aka ce duk wanda ya karɓa kada ya shiga gida, ya wuce gona. Ni kuma na ari ƙwarya na shiƙe buhun nan mai ƙaiƙayi da iskar marece. Magidanta suka yi layi, kowa da ƙwaryarsa, Baba Nomau na aunawa da tiya gwargwadon gonar mutum da bakin da yake ciyarwa. Kafin a kai rabin layi, ga maza can suna sara da sungumi, mata na biye suna jefawa suna rufewa da diddige. A al'adarsu sarkin noma shi ke rabo, kuma shi ke ɗiba a ƙarshe. Na ga yana rage tiya, yana share kanta da tafin hannu, yana duban sauran layi yana duban buhu. Mutum na ƙarshe ya karɓa, aka zazzage buhun a ƙwaryarsa, aka kakkaɓe.

Kamiyon bai riga ya wuce ba. Na hau da tsintsiyar aro na bi tsagin katakon bodin ɗaya bayan ɗaya, na tono abin da ya maƙale da tsinke, na kakkaɓe buhunan da na durƙusa a kai. Na shiƙe shi daga ƙugu, a hankali, sau biyu. Tiya ɗaya ya yi da ɗan kai. Na kai wa Baba Nomau, wanda rabon bai kai kansa ba. Ya cire hularsa ya tara, na juye a ciki.

Gonarsa a bakin gari take, doguwa, da wani gawo a tsaye can kusa da farkonta. Ya auna hular a hannu, ya dubi gonar.

"Wannan zai kai ni gindin gawo," in ji shi.

Na ce, "Daga gawo zuwa can fa, Baba?"

Ya saɓa sungumi a kafaɗa. "Daga can sai baɗi, ɗiyata. Zo ki jefa mini, rana na faɗuwa."